Kwatanta Rukuni Biyu da Zanen Ɗigo: Me Ɗalibi Zai Duba Bayan Matsakaici?

Wata malamar lissafi a ƙaramar sakandare ce ta aiko da tambayar. Ta ce ta iso darasin kwatanta alƙaluma rukuni biyu da zanen ɗigo, kuma ɗalibanta sun iya zanawa sarai. Amma da zarar ta ce su kwatanta, sai kowa ya lissafa matsakaici, ya rubuta "wannan ya fi wancan", ya ajiye biro. Tana so ta san me ya kamata su duba a cikin zanen, kuma idan matsakaici ya riga ya ba da amsa, mene ne amfanin wahalar zanen?

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ɗalibanki rabin aikin suka yi suka tsaya. Matsakaici yana gaya miki nisan da ke tsakanin rukunan biyu, amma ba zai iya gaya miki ko nisan nan babba ne ko ƙarami ba, domin hakan ba ya tabbata sai an auna shi da yadda 'yan kowane rukuni suka bambanta a junansu. Bambancin inci uku tsakanin gonaki biyu babban labari ne idan karan kowace gona kusan kai ɗaya suke. Idan kuwa a cikin gona guda ma ana samun wani kara ya ɗara wani da inci ashirin, inci ukun nan ba abin kamawa ba ne. Zanen ɗigo yana ajiye abubuwan nan biyu a gaban ido lokaci guda, nisan da ke tsakani da warwatsuwar da ke ciki, kuma ba ya ɓoye ko mutum ɗaya, tunda kowane ɗigo awo guda ne na gaske. Wannan shi ne dalilin wahalar.

Bari mu yi aikin da alƙaluma na haƙiƙa, domin lambobin da ake tsarawa don littafin aji sukan zo a gyare, ba ƙaya ba tsakuwa, yaro kuwa ba ya koyon dubawa a kansu. Charles Darwin, Baturen Ingila, ya shafe shekara 11 yana gwajin tsirrai a gidansa da ke ƙauyen Downe a yankin Kent, ya buga sakamakon a 1876. Ba sai mutum ya shiga muhawarar da aka fi sanin sunansa da ita ba kafin ya amfana da waɗannan lambobi, tsayin kara ne kawai aka auna aka rubuta. Cikin tsirran da ya gwada har da masara. Duk manomi ya san masara tana da fure a ƙololuwarta, tana kuma da gemu a bakin goyonta, ƙurar furen ce ke sauka kan gemun kafin ƙwaya ta samu. Darwin ya tanadi iri kala biyu: wanda aka yi wa barbara da ƙurar furen wata masarar daban, da wanda aka yi wa da ƙurar furen masarar kanta. Mu kira na farko 'yan bare, na biyu 'yan gida. Ya shuka su bibbiyu, ɗan bare guda a wannan gefen tukunya, ɗan gida guda a wancan gefen, har tagwaye 15 a cikin tukwane huɗu. Tun suna ƙanana ya auna tsayinsu da inci, har zuwa sumunin inci. Ga abin da ya samu, na jera daga gajere zuwa dogo, na kuma taƙaita ɓurɓushin lambobin:

'Yan bare: 12, 12, 18.3, 19.1, 20.4, 21, 21, 21.5, 21.6, 22, 22.1, 22.1, 23, 23.3, 23.5

'Yan gida: 12.8, 15.3, 15.5, 16.3, 16.5, 17.4, 18, 18, 18, 18.4, 18.6, 18.6, 20, 20, 20.4

Ɗalibinki zai tara ya raba da 15, ya samu 20.2 ga 'yan bare, 17.6 ga 'yan gida, ya ce 'yan bare sun fi da inci 2.6. Lissafinsa daidai ne. Yanzu mu mayar da kowace lamba zuwa cikakken inci mafi kusa, mu zana. A nan na tsayar da layin lambar ne don ya zauna a rubuce. A kan allo ki kwantar da shi, rukuni ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, a kan ma'auni guda.

Inci | 'Yan bare | 'Yan gida
24 | ● |
23 | ●● |
22 | ●●●●● |
21 | ●● |
20 | ● | ●●●
19 | ● | ●●
18 | ● | ●●●●
17 | | ●●
16 | | ●●
15 | | ●
14 | |
13 | | ●
12 | ●● |

Kafin kowa ya taɓa lissafi, ki ba su minti biyu su kalla kawai, ki tambaye su me suka gani. Ko yaron da lissafi ke ba shi wuya zai ce miki 'yan bare sun yi cunkoso a wajen 22, 'yan gida a wajen 18, sannan ga wasu ɗigo biyu can ƙasa a kan 12 sun zama saniyar ware. Da wannan kallon ya riga ya san abin da 20.2 ba ta gaya masa ba. Ki lura ma da wani abu: a kan 20, inda matsakaici ya ce nan ne tsakiyar 'yan bare, ɗigo ɗaya tak ke wurin. Goma sha ɗaya daga cikin goma sha biyar sun fi matsakaicin nasu tsayi. Lambar da aka ce tana wakiltar rukuni, ga shi yawancin rukunin sun wuce ta.

Dalilin yana cikin yadda ake samar da matsakaici. Kamar a ce kowa a unguwa ya zuba hatsinsa a rumbu ɗaya ne, a raba daidai wa daida. Idan mutum biyu sun zo kusan hannu rabbana, rabon kowa sai ya ragu. Karan nan biyu masu inci 12 su ne suka janyo matsakaicin 'yan bare ƙasa. Lambar tsakiya, wadda littafin aji ke kira midiyan, ba ta jin wannan jan. Ita ki ƙirga ɗigo daga kowane ƙarshe har ki iso na takwas, shi ke nan: a jerin lambobin asali, 21.5 ga 'yan bare, 18 ga 'yan gida. Bambanci ya zama inci 3.5 maimakon 2.6. A wajen 'yan gida kuwa matsakaici 17.6 da lambar tsakiya 18 kusan wuri ɗaya suka tsaya, domin ɗigonsu sun bazu hagu da dama kusan daidai. Ki koya musu wannan a matsayin al'ada: duk lokacin da matsakaici da lambar tsakiya suka raba hanya, akwai jela ko saniyar ware a gefe guda, kuma matsakaici wajen jelar yake karkata. A irin wannan hali ni lambar tsakiya nake fifitawa, amma ina so ɗalibi ya kawo duka biyun ya faɗi dalilin saɓaninsu.

Sai warwatsuwa, kuma nan ne nake so ki fi daɗewa da su, domin nan ne aka fi yin tuntuɓe. Hanya mafi sauƙi ita ce tazara: babba a cire ƙarami. 'Yan bare daga 12 zuwa 23.5, tazara 11.5. 'Yan gida daga 12.8 zuwa 20.4, tazara 7.6. Wanda bai ga zane ba zai ce 'yan bare sun fi warwatsuwa nesa ba kusa ba. Amma ki sa hannu ki rufe ɗigo biyun nan na ƙasa, sai ki ga sauran goma sha ukun sun matsu a cikin inci biyar da kwata, wato sun fi 'yan gida haɗuwa. Tazara lambobi biyu kaɗai take saurara, na ƙarshen nan da na ƙarshen can, su kuwa su ne mafiya rashin tabbas a cikin kowane awo. Shi ya sa ake neman faɗin rabin tsakiya: a ajiye rubu'in ƙasa da rubu'in sama, a duba faɗin da rabin da ya rage ya mamaye. A kan zanen ɗigo ƙirge ne kawai, ɗigo na huɗu daga ƙasa da na huɗu daga sama. 'Yan bare daga 19.1 zuwa 22.1, inci uku ke nan. 'Yan gida daga 16.3 zuwa 18.6, bai kai inci biyu da rabi ba. Yanzu kin ga gaskiyar al'amarin: warwatsuwar rukunan biyu ba ta yi nisa da juna ba, in ban da karan nan biyu.

Da kin samu waɗannan, ainihin kwatancen ya zo hannu. Nisan tsakiya da tsakiya inci 3.5 ne, faɗin rabin tsakiyar kowane rukuni bai wuce inci uku ba. Ma'ana, nisan da ke tsakanin rukunan ya ɗara warwatsuwar da ke cikinsu. Rabin tsakiyar 'yan gida ya ƙare a 18.6, na 'yan bare bai fara ba sai 19.1, ko taɓa juna ba su yi ba. Wasu littattafan suna amfani da matsakaicin nisan kowane ɗigo daga matsakaici a madadin wannan, wanda a nan ya kama 2.6 ga 'yan bare, 1.6 ga 'yan gida; tunanin ɗaya ne, a raba nisan tsakani da ma'aunin warwatsuwa a ga sau nawa ya shiga. Ƙa'idar da nake ba ɗalibai, wadda ta gwanintar ido ce kawai ba doka ba: idan nisan bai kai rabin warwatsuwa ba, a yi hattara da cewa akwai bambanci; idan ya kai ta ko ya ɗara, ido zai gan shi; idan ya ninka ta, rukunan sun kusa rabuwa gaba ɗaya.

Akwai kuma hanyar da ta fi wannan sauƙi, wadda yara suka fi so, wato ƙirga inda rukunan suka shiga juna. Mafi tsayi a 'yan gida 20.4 ne. 'Yan bare nawa suka wuce shi? Goma cikin goma sha biyar. 'Yan bare nawa suka wuce lambar tsakiyar 'yan gida? Goma sha uku. Jimla irin "kashi biyu cikin uku na 'yan bare sun fi dogon 'yan gida tsayi" ta fi "bambanci 2.6 ne" shiga kunnen manomi, kuma ta fi ta gaskiya. A lokaci guda zanen yana hana yaro wuce gona da iri, domin ga shi ƙuru-ƙuru mafi gajarta biyu a duk tukwanen 'yan bare ne. Ba zai iya rubuta "duk ɗan bare ya fi ɗan gida" ba alhali ɗigon na kallonsa. Wannan bambanci tsakanin "galibi" da "duka" yana daga cikin mafi tsadar abin da yaro zai fita da shi daga ajin lissafi, don gobe da shi zai saurari duk wanda ya zo masa da cewa mutanen wuri kaza sun fi na wuri kaza abu kaza.

To ya za a yi da saniyar ware? Wani ɗalibi zai ce a goge su, tunda suna ɓata lissafi. Kada ki bari. Matakin farko a bincika ko kuskuren rubutu ne, kamar a rubuta 12 a madadin 21. Wannan yana faruwa sosai, kuma idan takardar asali na nan sai a koma mata. Idan awon daidai ne, a nemi dalili: tsutsa ce, inuwa ce, ko ƙasar tukunyar ce? A alƙaluman Darwin, ɗaya daga cikin karan nan a tukunya ta farko yake, ɗayan a ta huɗu, saboda haka ba za a ɗora wa tukunya guda laifi ba. Idan ba a samu hujjar cirewa ba, ɗigon yana nan daram. Abin da ya halatta shi ne a kawo lissafi biyu a bayyane: da su matsakaicin 'yan bare 20.2, ba tare da su ba kusan 21.5. Mai karatu ya gani ya yi hukunci. Wanda ya saba goge lambar da ba ta yi masa daɗi ba tun yana aji biyu, ranar da aka ba shi rajistar asibiti ko ta ma'aikata ba zai daina ba.

Siffar tarin ɗigon ma abin dubawa ce, ko da yake a nan ba sai mun daɗe ba. Wani lokaci za ki ga tudu biyu a rukuni guda. Sanannen misali shi ne maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Old Faithful a gandun Yellowstone na Amurka: a wani awo na feshinta sau 272, matsakaicin tsawon feshi ya kama kusan minti uku da rabi, alhali feshin ya kasu gida biyu, gajeru a wajen minti biyu, dogaye a wajen minti huɗu zuwa huɗu da rabi, tsakiyar kuwa kusan fayau. Duk inda kika ga tudu biyu, ki yi zargin abubuwa iri biyu ne aka cakuɗa a rukuni ɗaya, a raba su kafin a kwatanta da wani.

Yanzu ga wani abu da littattafan aji da yawa ke tsallakewa, ni kuwa a ganina bai kamata a bar shi ba. Ki tuna Darwin bibbiyu ya shuka masararsa, kowane ɗan bare da abokin tukunyarsa. Zanen da muka yi ya manta da wannan ƙawancen, ya jera kowa bisa tsayinsa, ba a san wa ke tare da wa ba. Darwin ya aika da lambobin ga ɗan'uwansa Francis Galton don ya duba masa, shi kuma ya sake jera su daga dogo zuwa gajere ya kwatanta a haka. A 1935 Ronald Fisher, ɗaya daga cikin iyayen ilimin ƙididdiga na zamani, ya dawo kan alƙaluman nan ya nuna cewa jerin Galton ya rusa tsarin gwajin. Abin da ya dace shi ne a cire tsayin kowane ɗan gida daga na abokinsa, a samu lamba ɗaya ga kowane tagwaye, a zana waɗannan a kan layi guda mai sifiri a tsakiya:

−8.4, −6, 0.8, 1, 1.8, 2, 2.9, 3, 3.5, 3.6, 5.1, 6.1, 7, 7.5, 9.4

Ɗigo goma sha uku a dama da sifiri, biyu a hagu, amma biyun sun yi nisa ƙwarai. Fisher ya yi tambayar da ta dace: idan da nau'in barbara ba ya haifar da komai, kowane bambanci zai iya faɗawa hagu ko dama kamar jefa kwabo. Lambobi 15 suna da hanyoyi 32,768 na ɗaukar alamar ƙari ko ragi. Ya ƙirga ya ga kusan 5 cikin 100 na hanyoyin nan suna ba da jimla mai girman wadda Darwin ya samu ko fiye, ko ta dama da sifiri ko ta hagu. Wato sa'a kaɗai za ta iya ba da irin wannan sakamako kusan sau ɗaya cikin ashirin; hujjar tana da ƙarfi, amma a bakin gaɓa take, kuma karan nan biyu ne suka kai ta gaɓar. Ba sai kin koya wa 'yan ƙaramar sakandare wannan lissafin ba, amma ke ki riƙe shi: zanen da ya gamsar da ido da ɗigo 15 bai zama hukuncin ƙarshe ba. A batun masara, gwaje-gwajen da suka biyo baya ne suka tabbatar da abin. George Shull a Amurka ya bayyana a 1908 yadda masara ke raunana idan aka yi ta yi mata barbarar kai, ta kuma dawo da ƙarfi idan aka haɗa zuriya biyu, kuma daga nan aka samu hanyar haɗa irin masara mai yawan yabanya, aikin da cibiyoyi irin su ta binciken aikin gona da ke Samaru a Zariya suke yi har yau.

Akwai wasu alƙaluman da suka fi na Darwin nuna amfanin wannan dabarar. A 1905 likitoci biyu, Cushny da Peebles, sun buga gwajin magungunan barci da aka yi kan majinyata a wani asibiti a Kalamazoo ta jihar Michigan. William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin wanda ke rubutu da sunan aro Student, ya yi amfani da lambobin mutum goma daga ciki a 1908. Abin da aka auna shi ne ƙarin awannin barci da kowa ya samu. Da magani na farko: −1.6, −1.2, −0.2, −0.1, 0, 0.7, 0.8, 2.0, 3.4, 3.7. Da na biyu: −0.1, 0.1, 0.8, 1.1, 1.6, 1.9, 3.4, 4.4, 4.6, 5.5. Ki zana su sama da ƙasa, za ki ga sun cakuɗe: tsakanin −0.1 da 3.7 akwai ɗigo bakwai daga kowane rukuni. Matsakaici 0.75 da 2.33, amma warwatsuwar kowanne ta kai awa biyar zuwa shida, mai hankali zai yi jinkirin yanke hukunci. Sai dai mutum goman nan su ne dai suka sha magungunan biyu. Idan aka cire na kowa daga nasa, ga abin da ke fitowa: 0, 0.8, 1.0, 1.2, 1.3, 1.3, 1.4, 1.8, 2.4, 4.6. Tara sun fi samun barci da magani na biyu, ɗaya bai ga bambanci ba, babu ko mutum guda da ya koma baya, kuma bakwai sun taru tsakanin 0.8 da 1.8. Yawancin warwatsuwar da muka gani da farko ta bambancin mutane ce, wani mai nauyin barci wani mai sauƙinsa, ba ta magani ba. Saboda haka tambayar farko kafin a zana komai ita ce: rukunan nan mutane daban-daban ne, ko mutum ɗaya aka auna sau biyu? Jarrabawar farkon zango da ta ƙarshensa a aji guda, nauyin rago kafin kiwo da bayansa, duk na biyun ne.

Kurakuran zanen kansa ba su da yawa, amma kowanne yana iya juya labari. Babba shi ne ma'auni biyu: yaro ya fara layin sama daga 12, na ƙasa daga 10, ko ya matse ɗaya ya buɗa ɗaya, sai tudun biyu su zo saitin juna alhali ba haka suke ba. Layi guda za a ja, rukunan su yi tarayya a kansa. Na biyu, tsallake lambar da ba ta da ɗigo. Da mun cire 13 zuwa 17 a layin 'yan bare saboda babu kowa a wurin, da karan nan biyu sun manne da 'yan'uwansu, giɓin kuwa shi ne labarin. Ɗigo su zama girma ɗaya, tazararsu ɗaya, in ba haka ba tari mai huɗu zai fi mai biyar tsayi. Takarda mai gidan dara tana maganin wannan. Sannan idan rukunan ba su kai yawa ɗaya ba, a ce aji ɗaya 40 ɗaya 25, kada a kwatanta tsayin tari da tari, a koma ga kaso: nawa cikin nawa suka wuce lamba kaza.

Zanen ɗigo yana da iyakarsa. Daga awo goma zuwa kamar hamsin a rukuni yake jin daɗin aiki. Idan suka kai ɗaruruwa sai tarin ya zama bango, gara a koma ga histogiram, wato zanen sandunan da ke nuna awo nawa suka faɗa a kowane zangon lambobi, ko zanen akwati, wanda John Tukey ya yaɗa a shekarun 1970, kuma a haƙiƙa lambar tsakiya da rubu'an nan da muka ƙirga su ne ƙashin bayansa. Idan kuma awon ya yi kaɗan ƙwarai, kamar uku ko huɗu, zanen zai nuna miki ƙarancinsu, wanda shi ma alheri ne. Haka nan zane ba ya faɗin sanadi. Idan 'yan aji A sun fi 'yan aji B maki, ɗigo ba zai gaya miki ko malami ne, ko tun farko an tara masu ƙoƙari a aji ɗaya ba. Wannan sai an koma ga yadda aka kafa rukunan. Ko Darwin, duk da kulawarsa, Fisher ya nuna cewa kamata ya yi a ce ƙuri'a ce ta zaɓi gefen tukunyar da kowane kara zai zauna. In kin shiga intanet neman misalai, ki sani akwai wani zanen mai wannan suna wanda William Cleveland ya fito da shi a 1984, mai ɗigo ɗaya ga kowane nau'in abu a madadin sanda; ba shi ne na darasinki ba.

Kada kuma ɗalibai su ɗauka wannan wasan yara ne da za a bari in an girma. A 2015 Tracey Weissgerber da abokan aikinta sun duba maƙaloli 703 a manyan mujallun kimiyyar aikin jiki, suka tarar fiye da kashi 85 cikin 100 suna nuna sakamako da zanen sanduna, wanda ke nuna matsakaici amma ba ya nuna kowane awo. Suka yi kira ga masu bincike su riƙa nuna kowane ɗigo idan awon bai da yawa, saboda alƙaluma masu siffa daban-daban suna iya ba da sanda iri ɗaya. Abin da kike koya wa 'yan shekara goma sha uku shi ake roƙon manyan masana su dawo gare shi.

Game da aji kuwa, shawarata ki fitar da su waje. Ki ja layi a ƙasa da sanda, ki rubuta lambobi a tazara ɗaya, kowane yaro ya zo da marfin kwalba ko tsakuwa. Su ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsu na minti ɗaya suna zaune, kowa ya ajiye marfinsa a saman layi a kan lambarsa. Su zaga fili da gudu, su sake ƙirgawa, su ajiye a ƙasan layi. Yaron da ya ajiye marfi da hannunsa ba zai ƙara mantawa cewa ɗigo mutum ne ba, kuma idan wani ya ƙirga 30 ko 200, ajin da kansa zai ce a sake aunawa, kin ga darasin saniyar ware ya koyar da kansa. Daga nan ki sa kowa ya cire lambarsa ta farko daga ta biyu a yi layi na uku. Don rukunai masu zaman kansu, mintocin da 'yan aji biyu ke ɗauka daga gida zuwa makaranta sun isa, kuma kusan kullum suna zuwa da jela ta wajen masu nisa. Ki guji nauyin jiki da makin jarrabawa a bainar jama'a, domin ɗigon da ya ware a irin wannan zane yaro ne da kowa ya san sunansa.

Wajen rubuta amsa, ki hana su jimla ɗaya. Ni abin da nake nema shi ne bayani irin wannan: "Galibin 'yan bare sun fi 'yan gida tsayi; lambar tsakiyarsu 21.5, ta 'yan gida 18. Rabin tsakiyar kowane rukuni ya mamaye inci uku ko ƙasa da haka, saboda haka bambancin inci 3.5 ya ɗara warwatsuwar. Goma daga 'yan bare sun wuce duk 'yan gida, amma biyu masu inci 12 sun fi kowa gajarta, kuma su suka rage matsakaici zuwa 20.2." In maki goma ne, biyu nake ba zane mai ma'auni guda, biyu ga tsakiya, biyu ga warwatsuwa, sauran huɗun ga jimlar da ta auna ɗaya da ɗaya ta kuma ambaci ɗigon da suka ware, da sunan abin da aka auna da ma'auninsa, inci ne ko minti. Ki gaya musu wannan rabon tun kafin su fara.